Yadda ake kai tsoho awon hawan jini har ya riƙe maganar likita

Da yawa suna ganin aikinsu ya ƙare da zarar sun yanki kati an ga likita. Bayan wata biyu sai a tarar da maganin Baba a ƙarƙashin katifa, ko rabi ba a ɓalle ba.

Tun da daddare ku tattara duk abin da yake sha a leda ɗaya: na asibiti, na kyamis, har jiƙon da ke cikin gora. Kada ku ce za ku riƙe sunayen a ka. Diclofenac da ibuprofen da ake saya saboda ciwon gwiwa suna ɗaga jini, suna kuma taɓa ƙoda, likita kuwa ba zai sani ba sai ya gani da idonsa. Da safe ya sha maganinsa kamar kullum. Goro da kofi dai a dakata da su minti 30 kafin awo, ya zauna ya huta minti biyar.

Inda ake yin asara shi ne cikin ɗakin likita. Ana tambayar tsoho ya jiki, sai ya ce "Alhamdulillahi, da sauƙi," alhali mako uku ke nan da ya ajiye maganin. Kawaici ne, don haka ku shiga tare, ku nemi izininsa ku faɗi abin da kuka gani. Magungunan hawan jini kan zo da matsalolin da ke sa a ajiye su: Amlodipine kan kumbura ƙafa. Lisinopril kan kawo busasshen tari da ke hana barci. Mai sa fitsari kuwa shi dattawa suka fi yi wa tawaye, domin yana karya musu alwala. Kowanne ana iya canza shi ko a gyara lokacin shansa, amma sai an faɗa.

Sai babbar matsalar. Idan awo ya nuna 130/80 likita ya ce "jini ya sauka," abin da Inna ta ji shi ne ta warke. Kada ku tashi sai kun roƙi likita ya gaya mata da bakinsa, da Hausa, cewa maganin ne ya saukar da shi, in ta daina zai koma ya haura 140/90 ba tare da ta ji ciwon komai ba. Daga bakinku ba za ta karɓa ba, ita ta haife ku.

A gida ku haɗa shan magani da sallar asuba, ya fi ƙararrawar waya. Gishiri kada ya wuce ƙaramin cokali ɗaya a yini, dunƙule da kanwa ma suna cikin lissafin. In kuɗi bai kai ba, ku tambayi mai ba da magani irinsa mai araha, kada a riƙa tsallake kwana. Ranar komawa a rubuta ta a bangon ɗaki, kuma in azumi ya matso a koma tun kafin a ga wata, a tsara lokutan shan.