Yadda na gyara tsohuwar Fijo 404 da fetur mai itanol ya lalata

Motar tana shaƙewa, kafireta na yoyo. Kafin kwance komai, na auna man: ruwa mililita 10 a kwalba mai ma'auni, fetur mililita 90, a girgiza, a bar shi minti 10. Ruwan ya haura layinsa, wato akwai itanol (sinadarin alkohol da ake haɗawa da fetur), domin itanol yana rabuwa da fetur ya bi ruwa.

Shi ne ya cinye tsohon tiyon roba, ɓarɓashin ya toshe jet, ƙaramin ramin da mai ke bi a cikin kafireta. Na zubar da man tanki, na wanke kafireta, na sa sabuwar filta da tiyo mai lambar SAE J30R9, irin wanda ke jure itanol. Allurar fulot, wadda ke tsayar da mai idan kafireta ta cika, ita ma na sauya da mai kan Viton, wato roba mai jure itanol.

'Yan uwa makanikai a Omdurman, ku riƙa yin wannan gwajin, musamman ga motar da ta daɗe a ajiye cikin zafi.