Zoɓon da ya kwanta ba lalatacce ba ne

Kwanan baya na ga wata maƙwabciyarmu a nan Sakkwato tana tuttule gorunan zoɓo a kwata, don ta ga wani abu baƙi-baƙi ya kwanta a gindinsu. Na ɗauki gora ɗaya na sansana, lafiyarsa ƙalau. Raina ya sosu, domin jarinta ne ya bi rariya.

Yawancin abin da ke kwanciya garin citta ne da kanumfari, sai ɓurɓushin furen kansa. Akwai kuma launin. Sinadarin da ke sa zoɓo ja, wanda masana ke kira antosayanin, shi ne dai a ɓawon jan inabi. A Faransa, masu ajiye jar giyar inabi shekara da shekaru sun san cewa launin nan yakan haɗu da sinadarin bauri, ya yi nauyi ya sauka ƙasa, ruwan kuma ya koma kalar jan bulo. Mu ba shanta muke yi ba, amma dabararsu ta raba ruwa da diddiga za ta yi mana amfani: su tsayar da kwalba kwana ɗaya ko biyu, sannan su tsiyaye a hankali cikin wani mazubi, su bar na ƙasan. Uwargida, ke ma bar naki ya natsu a bokiti bayan tacewa, ki tsiyaye na sama, ki sake bi da farin ƙyalle mai tsabta kafin ki ɗura. Rariyar roba kaɗai ba ta tare garin citta.

Idan kuwa mai sha ya ji ƙasa-ƙasa a haƙori, ba a ɗauraye furen ba ne. A ƙasa ake shanya shi, sai an wanke da ruwan sanyi, da sauri, kada launin ya tafi.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne kishiyar na maƙwabciyata: a ga gora ta kumbura, a buɗe ta yi tsiit, ƙananan kumfa na tasowa, a ce ai da sauransa. Wannan ya fara ruɓa. Yis ya samu sukari, yana mayar da shi iska da barasa, kuma a zafin Afrilu, da ake haura digiri 40, abin ba ya ɗaukar lokaci. Ƙara sukari ba ya gyara shi, abinci ma kika ƙara wa yis ɗin. Zubarwa ce kawai. Rigakafin shi ne wanke gora sosai, sa sukari sai an zo ɗurawa, da haɗa daidai abin da zai ƙare a ranar idan babu tabbacin wuta ko ƙanƙara. Abarba da kankana suna ƙara masa saurin juyawa.

Sai kanwa. Ana sa ta don kashe tsami, amma tsamin ne ke riƙe da jan. Da ta yi yawa sai zoɓon ya dushe ya yi duhu. Ɗan ruwanta kaɗan ya wadatar. Doguwar tafasa da barin gora a rana su ma suna cinye launin. Ki sauke da ya tafaso, ki rufe ya jiƙu, kuma kada ya kwana a tukunyar dalma, domin tsami na cin ta.