Yadda ake tsara faramota marar nauyi

Faramota inji ne mai farfela da matuƙi ke goyawa, ya ruga a guje har lemar da ke samansa ta cika da iska ta ɗaga shi. Tunda a ƙafa ake tashi, kowane kilo sai gwiwa ta ji shi. Yawancinsu kilo 18 zuwa 28 ne kafin a zuba mai.

A fara da inji, kuma nauyin matuƙi ne zai zaɓa. Marar jiki, Atom 80 na kamfanin Vittorazi ya ishe shi. Ƙaƙƙarfa kuwa sai irin Moster 185, mai ƙarfin doki 25 da nauyin kilo 14 ko kusa da haka. Duka biyun ana gauraya musu baƙin mai a cikin fetur, kashi 2 zuwa 2.5 cikin ɗari. Litar fetur kusan gram 750 ce, ke nan tanki mai lita 12 ya ƙara kilo 9 a gadon baya.

Ba a ɗaura farfela kai tsaye a bakin inji. Moster na juyi 7,800 a minti. Farfela mai santimita 130 a wannan gudun bakinta zai wuce saurin sauti, sai ƙara ba turi. Shi ya sa ake sa bel da ke rage juyin zuwa kimanin 2,900.

Keji, wato zoben ƙarfe da ragar da ke kewaye farfela, shi ne wurin da masu neman sauƙin nauyi suka fi yin ganganci. Lokacin da ake jan lema sama, igiyoyinta na danne zoben keji; in bututun ya yi siriri, sai ya lanƙwashe farfela ta sare shi. A bar ratar aƙalla santimita 5 tsakaninsu, a ɗame raga sosai. Alminiyum 6061 na da sauƙin aiki, amma ƙarfinsa na raguwa a gefen walda. Titaniyum ya fi shi juriya, sai dai waldarsa sai gwani.

Sai maratayi, inda lema ke haɗuwa da firam, wato ƙarfen da ke riƙe da inji. Farfela na juyawa gefe guda, ita kuma firam tana murɗawa ɗaya gefen, matuƙi ya riƙa karkata da ya ba da wuta. Maganinsa a ɗan goce da maratayi ɗaya. Kafin tashin farko, a rataye matuƙi da injinsa da mai a ƙarfe mai ƙwari, a gyara har sai ya ɗan jingina baya kaɗan. In jinginar ta yi yawa, igiyoyi na iya murɗewa a sama.

Jijjiga kan kwance noti ta tsaga salansa. A zaunar da inji a kan roba, a ɗaure sifirin salansa da waya, don duk abin da ya ɓalle cikin farfela zai faɗa. Makashin inji ya kasance a jikin totur, daidai babban yatsa, kuma a tayar da inji yana goye a baya, ba a ƙasa ba.