Kurakuran da Masu Hawan Tsauni Suka Fi Yi a Kan Turba da Yadda Za a Gyara Su

Yawancin ɓarnar da ake yi wa tsirrai da ƙasa a gandayen tsaunuka ba da mugun nufi ake yinta ba, daga ɗan kaucewa take farawa. Kuskure mafi yawa shi ne ratse wa taɓo. Mutum ya iso inda ruwa ya kwanta a kan turba, sai ya bi ta gefe don kada takalminsa ya ɓaci, na bayansa ma ya bi sahunsa. Ciyawar gefen ta karye, saiwoyinta su fito fili, ƙasar ta danne ta yi tauri kamar daɓe, har ƙananan ƙofofin da ruwa da iska ke shiga su toshe. Daga nan ruwan sama ba ya nutsewa, sai ya gangara yana kwashe ƙasar sama, turba mai faɗin mutum ɗaya ta zama fili. Gyaran ba shi da wuya: a sa takalmin da ke jure laka, a bi ta tsakiyar turbar cikin jerin gwano, ko a taka dutse inda akwai shi.

Yanke hanya a gangare ya fi wannan muni. Ana gina turbar tsauni da lanƙwasa da gangan domin a rage ƙarfin ruwa, saboda haka wanda ya miƙe kai tsaye daga sama zuwa ƙasa ya shata wa ruwa magudana ce, wadda a hankali take zama kwazazzabo.

Akwai kuma masu cewa taku ɗaya ba ya kashe ciyawa. Bincike ya nuna cewa takun farko-farko ne ke yin mafi yawan lahani, shi ya sa tafiya a tsohuwar turba ba ta ƙara ɓarna sosai, amma buɗe sabuwa asara ce babba. A can ƙololuwa, inda sanyi ke taƙaita lokacin tsiro zuwa 'yan makonni, gansakuka da ƙananan tsirrai ba sa murmurewa da wuri. A gandun Rocky Mountain da ke jihar Kolorado a Amurka, masaniyar tsirrai Beatrice Willard ta killace wuraren da aka tattake a 1959, aka bi diddiginsu fiye da shekara 40, kuma farfaɗowarsu ta kasance mai jinkiri ƙwarai. Abin takaici ne a ce don ɗaukar hoto a lalata abin da zai daɗe haka bai dawo ba.

A wurin hutawa a zauna a kan dutse ko tsakuwa, kada a baje kaya a kan tsirrai. Inda babu turba ko kaɗan, ƙa'idar tana juyawa: ayari ya warwatsu, domin kada takun ya taru a layi ɗaya ya haifar da sabuwar hanya. Idan kuma hukumar gandu ta rufe wata turba lokacin da ƙasa ke jiƙe, a haƙura a nemi wadda ta bushe.