Yadda ake gano manhajar leƙen asiri a waya, da abin da ya kamata a yi kafin a goge ta

Idan mutum ya fara jin maganar da ya yi a ɓoye tana fitowa daga bakin wani, ko aka tambaye shi me ya kai shi Gwarimpa ranar Talata alhali bai gaya wa kowa ba, zuciyarsa takan tafi kan 'yan damfarar intanet na nesa. Da wuya a ce su ne. Da ɗan gari akan ci gari. Mafi yawan manhajojin leƙen asiri da ake samu a wayoyin mutane, wanda ya riƙe wayar a hannunsa kuma ya san lambar buɗe ta ne ya saka su: miji, mata, saurayi, tsohon miji, maigida a wurin aiki, wani lokaci ɗan uwa. Mintuna kaɗan sun isa, kamar lokacin da ka bar wayar a caji ka shiga wanka.

Akwai irin su Pegasus na kamfanin NSO da ke Isra'ila, wadda ke shiga waya ba tare da an taɓa ta ba. WhatsApp ya kai kamfanin ƙara a 2019 kan kutse a wayoyin mutum kusan 1,400. Amma gwamnatoci ne ke sayen wannan, kuma 'yan jarida da 'yan adawa ake nufa da ita. Wadda ta shafi talaka ita ce irin mSpy, FlexiSPY da TheTruthSpy, waɗanda ake tallata su da sunan sa ido kan yara, ana biyan kuɗinsu wata-wata kamar na data.

Abin da suke kwasa yana da yawa: saƙonnin tes, jerin kira, hotuna, inda kake a kowane lokaci, hirar WhatsApp, wasu har da abin da kake bugawa a allo da sautin ɗakin da kake zaune. Sirrin da WhatsApp ke rufe saƙo da shi ba ya hana su, domin ba a hanya suke tare saƙon ba. Jira suke ya iso ya buɗe a allonka, sannan su karanta tare da kai. Duk lambar OTP da banki ya turo, ita ma tana ciki.

Kafin ka taɓa komai

Nan ne aka fi yin kuskure. Mutum ya ga manhajar, ransa ya ɓaci, ya goge ta nan take. Abu biyu ya yi asara. Hujja ta tafi, sannan wanda ya saka ta zai ga bayanai sun daina zuwa masa, ya san an gane. Idan mutum ne mai duka ko barazana, wannan lokacin ya fi kowanne haɗari. 'Yar'uwa, in kina zaune gida ɗaya da wanda kike zargi kuma kina tsoronsa, fara da neman inda za ki tsira da wanda zai tsaya miki, wayar ta biyo baya. Kada ki yi binciken yadda ake cire manhajar a kan wayar da kike zargi, kada kuma ki kira mai taimako da ita. Ari ta ƙawa ko ta 'yar'uwa.

Duk abin da aka gano, a ɗauki hotonsa da wata wayar daban, yadda sunan manhajar da kwanan wata za su fito. Hoton allo da aka ɗauka da wayar kanta zai iya tafiya wurin mai leƙen.

Alamomin da ake yawan faɗa, wato batir yana saurin ƙarewa, waya tana zafi, data tana zuƙewa, ba hujja ba ne su kaɗai. A zafin Abuja na watan Maris, wayar da ta shekara uku za ta yi duk wannan ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Sun zama abin lura ne idan sun fara kwatsam bayan wayar ta kwana a hannun wani.

Fara da abin da ba ya buƙatar manhaja

Sau da yawa ba a saka komai ba. Buɗe WhatsApp, taɓa ɗigo uku na sama, shiga Linked devices. Ana iya haɗa na'urori har 4 da layi ɗaya, kuma kowacce tana ganin hirarka kamar yadda kake gani. Idan ka ga kwamfuta ko waya da ba ka sani ba, duba ranar da ta yi aiki na ƙarshe, ɗauki hoto, sannan ka fitar da ita. Daga nan ka kunna Two-step verification, ka sa lamba 6 wadda ba ranar haihuwarka ba ce, ba kuma ƙarshen lambar wayarka ba.

Sai asusun Google. A Settings shiga Google, ka nemi Manage your Google Account, sannan Security, ka duba jerin na'urorin da ke ciki. Duba kuma imel da lambar wayar da aka ajiye don dawo da asusu. Wannan yana da muhimmanci a wurinmu, domin mutane da yawa ba su ne suka buɗe Gmail ɗinsu ba. Wanda ya saya musu wayar ne ya buɗe, ko yaron shago, kuma har yau kalmar sirrin tana hannunsa. Mai kalmar sirrin Gmail ɗinka yana iya ganin inda wayarka take da hotunan da suka hau Google Photos yana zaune a ɗakinsa. A cikin Google Maps, taɓa hotonka ka shiga Location sharing ka ga ko ana nuna wa wani inda kake.

Akwai lambobin da ake yaɗawa a rukunonin WhatsApp wai suna tona masu leƙe. *#21# tana nuna ko an karkatar da kiranka zuwa wani layi, ##002# kuma tana soke karkatarwar. Iya aikinsu ke nan, ba sa ganin manhaja. Idan ka buga *#62# ka ga wata baƙuwar lamba, kada hankalinka ya tashi, galibi ta akwatin saƙon murya ce ta kamfanin layinka.

Binciken Android

Sunayen wurare suna ɗan bambanta tsakanin Tecno, Infinix, itel, Samsung da Redmi. Hanya mafi sauƙi ita ce ka buɗe Settings ka rubuta sunan abin da kake nema a wurin bincike na sama.

Na farko Play Protect, mai gadin Google da ke binciken manhajojin waya. Buɗe Play Store, taɓa hotonka, shiga Play Protect. Tun 2020 Google ya haramta irin waɗannan manhajoji a shagonsa, saboda haka daga waje ake sauke su, kuma umarnin farko da masu sayar da su ke bayarwa shi ne a kashe Play Protect. In ka same shi a kashe kuma ba kai ka kashe ba, alama ce mai ƙarfi. Kunna shi ka bar shi ya bincika.

Na biyu, wanda ya fi komai, Accessibility. An yi wannan sashe don masu larurar gani da makamantansu, yana ba manhaja damar karanta duk abin da ke allo har ta danna maɓalli da kanta. Shi ya sa masu leƙe ke son sa. Shiga ka duba Downloaded apps ko Installed apps. TalkBack da Select to Speak na Google ne. Amma in ka ga wani abu a kunne mai suna kamar System Service, Device Health ko Sync Service, tsaya ka duba shi da kyau. Da gangan ake ba su irin waɗannan sunaye, da tambarin da ya yi kama da na waya, don ido ya wuce su. Daga Android 13 waya tana hana manhajar da aka sauke daga waje wannan izini sai an buɗe mata da hannu, wato samun ta a kunne yana nufin wani ya zauna ya yi aikin.

Bayan nan rubuta Device admin apps. A wayar mutum ta kansa, abin da aka saba gani shi ne Find My Device na Google, wanda yanzu ake kira Find Hub, sai manhajar ofis in wayar aiki ce, ko ta kamfanin da ya ba da wayar bashi. Manhajar leƙe tana neman wannan matsayi ne don maɓallin goge ta ya daina aiki. Duba kuma Notification access, inda ake ba manhaja damar karanta duk sanarwar da ta faɗo, da Install unknown apps, inda za ka ga ko an ba Chrome ko mai sarrafa fayil izinin saka abu daga waje. Leƙa babban fayil na Downloads ma, wani lokaci fayil ɗin da ya ƙare da .apk yana nan an manta ba a share ba.

Manhajar tana iya ɓoye tambarinta daga fuskar waya, amma ba ta iya ɓoyewa daga cikakken jerin da ke Settings, Apps, See all apps. Bi shi ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda ka yi shakka, buɗe ta ka gangara ƙasa, za ka ga inda aka sauke ta, da yawan datar da ta ci a bayan fage. Abin da ke kiran kansa sashen waya amma yana da izinin makirufo, kyamara, tes da wuri gaba ɗaya, yana kuma tura ɗaruruwan megabait a wata, ba sashen waya ba ne. Daga Android 12 ana ganin koren ɗigo a saman allo idan kyamara ko makirufo na aiki, kuma Privacy dashboard yana nuna wace manhaja ta yi amfani da su cikin awa 24 da suka wuce.

GBWhatsApp da 'yan uwansa, wato WhatsApp ɗin da ba na asali ba, a cire su kawai. Ba wanda ya san abin da aka cusa a cikinsu.

iPhone

Saka manhajar ɓoye a iPhone yana da wuya sai an fasa tsaronta. In ka ga manhaja mai suna Cydia ko Sileo kuma ba kai ka saka ba, an fasa. An fi bi ta iCloud, ma'ajiyar Apple ta intanet: wanda ya san kalmar sirrin Apple ɗinka zai iya kwasar abin da wayar ke ajiyewa a can. Shiga Settings, taɓa sunanka, gangara ka ga jerin na'urori. Duba General, VPN & Device Management, ko akwai wani tsari da ba ka sani ba. Daga iOS 16 akwai Safety Check a ƙarƙashin Privacy & Security, yana jera duk wanda kake raba wa wuri ko hotuna, yana da Emergency Reset da ke yanke su a lokaci ɗaya.

Cirewa

Tsarin yana da muhimmanci. Sa wayar a Airplane mode, ka kashe Wi-Fi. Cire wa manhajar matsayin Device admin, kashe ta a Accessibility, sannan ka goge. Idan tana rufe shafin duk lokacin da ka buɗe, shiga Safe mode: danna maɓallin kashewa, sannan ka riƙe yatsa a kan Power off har tambayar ta fito. A wannan yanayi manhajojin da aka sauke ba sa aiki, sai ka goge ta cikin natsuwa.

Wanda ke son tabbaci ya mayar da wayar yadda ta fito daga kamfani. Kwashe hotuna da lambobi tukuna, kuma bayan an gama kada ka dawo da manhajoji daga tsohuwar ajiya, saka su ɗaya-ɗaya daga Play Store. In wayar an yi mata rutin, wato an fasa tsaronta, wannan ma bai isa ba, sai an yi mata filashin da asalin manhajar kamfani. Masu gyara a Banex da ke Wuse 2 suna yin wannan aiki kullum. Ko a ina za ka kai gyara, cire layi da katin ajiya, kuma gyaran allo ko wurin caji ba ya buƙatar ka bar lambar sirri. In an ce sai an gwada, buɗe da hannunka a gwada a gabanka.

Kalmomin sirri a canja su daga wata na'urar mai tsabta, ko bayan an gama wanke wayar. Wanda ya canja tun manhajar tana ciki ya miƙa sabuwar ne kawai. Fara da Gmail ko Apple, sai banki, sai Facebook da sauransu. Canja lambar buɗe waya zuwa 6 ko fiye, ka shiga sashen zanen yatsa da fuska ka ƙirga nawa aka yi wa rajista. Yatsa ɗaya na wani da aka bari a nan ya isa a maimaita komai gobe.

Ga mai tunanin sakawa

Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya kare sirrin wasiƙu da hirar waya, bai ware ma'aurata ba. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta mai da tare saƙonnin wani ba da izini ba laifi mai ɗauri ko tara. A Abuja akwai kuma dokar hana cin zarafin mutane ta 2015 (VAPP) da ta haramta bibiyar mutum, hukumar yaƙi da safarar mutane (NAPTIP) ce ke aiwatar da ita, kuma rundunar 'yan sanda tana da cibiyar yaƙi da laifukan intanet a nan birnin. Nan ne hotunan da aka ɗauka da farko za su yi amfani. Musulmi kuma ya san aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane.

Sannan bayanan ba wurin mai leƙen kaɗai suke zuwa ba, a kwamfutocin kamfanin suke taruwa, kuma waɗannan kamfanoni sun yi suna wajen sakaci. An fasa mSpy fiye da sau ɗaya, har da 2024. LetMeSpy ya rufe a 2023 bayan an kwashe bayanansa, pcTattletale ya bi sahu a 2024. A 2021 hukumar kasuwanci ta Amurka ta kori SpyFone daga wannan sana'a gaba ɗaya. A irin waɗannan kutse ba bayanan wanda aka leƙa kaɗai ke fita ba, har imel ɗin wanda ya biya kuɗin.

Iyayen da ke son kula da wayar ƙaramin yaro suna da Family Link na Google da Screen Time na Apple. Kyauta ne, suna iyakance lokaci da abin da za a sauke, Family Link yana nuna inda wayar take, kuma yaron yana gani a allonsa cewa ana kula da shi.