Yadda ake gudanar da misalan kod a keɓe a kama sakamakonsu don darasi

Idan kana rubuta darasin Python, kada ka buga sakamakon misali da hannunka. Bari kwamfuta ta fitar da shi, kuma a wuri mai tsabta, domin abin da ya yi aiki a wajenka sau da yawa ya dogara ne da wata manhaja da ka girka tuntuni, wadda ɗalibi ba shi da ita.

Da farko, kowane misali ka ba shi fayil nasa, cikakke, wanda ba ya jiran komai daga misalin baya. A ce sunansa misali1.py.

Sai ka girka Docker, manhajar da ke gudanar da kod a cikin keɓaɓɓen akwati (container), ka shiga foldar da fayil ɗin yake, ka ba da wannan umarni:

`docker run --rm --network none --memory 128m -v "$PWD":/aiki:ro -w /aiki python:3.12-slim timeout 10 python -u misali1.py > misali1.txt 2>&1`

Yana da tsawo, amma kowane yanki da aikinsa. `--rm` yana share akwatin da zarar an gama. `--network none` yana yanke masa intanet, `:ro` kuma ya bar shi ya karanta foldarka ba tare da ya taɓa komai ba. `timeout 10` shi ne maganin kod mai zagaye ba ƙarewa: daƙiƙa 10 na cika a tsayar da shi.

Lambar sigar nan, 3.12, kada ka yi wasa da ita. Saƙon kuskure yana sauyawa daga siga zuwa siga. Tun daga Python 3.11 ta 2022 ake sa alamar ^ a ƙarƙashin ainihin wurin da kod ya karye, wanda a da kuskuren syntax ne kawai ke samunta. Ka faɗa wa ɗalibi sigar da ka yi aiki da ita.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne jerin layuka. Python tana da mafita biyu, stdout ta sakamako da stderr ta kurakurai, `2>&1` ne ke haɗa su a fayil ɗaya. To amma idan fayil ake zubawa ba allo ba, tana tara abin da `print` ya rubuta sai ƙarshe, sai ka ga kuskure ya riga layin da ya gabace shi fitowa. Mai koyo ya ruɗe a banza. `-u` ne ke hana haka.

Saura abubuwan da ba sa tsayawa wuri ɗaya. Idan da `random` a misalin, sa `random.seed(1)` a sama. Idan kana buga `set` na kalmomi, ƙara `-e PYTHONHASHSEED=0` bayan `docker run`, ko da yake a ganina gara ka yi `sorted` kawai, tunda ɗalibi ba zai sa wannan a tasa kwamfutar ba. Misali mai `input()` kuwa yana buƙatar `-i` bayan `docker run` da fayil na amsoshi ta `< amsa.txt`.

Daga nan kwafi abin da ke misali1.txt zuwa darasin yadda yake. Duk ranar da ka gyara kod, sake gudanarwa zuwa sabon fayil, ka kwatanta shi da tsohon ta umarnin `diff` kafin ka wallafa.