Kurakuran da ake yi wajen karanta tsofaffin littattafan zambo na Ingilishi

Bahaushe ba baƙo ba ne a fagen gatse. In uwa ta ce wa yaron da ya fasa tulu "sannu da aiki", kowa a gidan ya san ba yabo ba ne. Abin da ke damuna shi ne, da zarar mun buɗe littafin Turanci na shekara ɗari biyu ko uku da suka wuce, sai mu ajiye wannan kunnen, mu riƙa ɗaukar kowace jimla yadda ta zo. Yawancin kurakuran daga nan suke tasowa.

Mafi girma shi ne ɗaukar mai magana a cikin littafi a matsayin marubucin. A 1729 Jonathan Swift, malamin coci a Dablin, ya fitar da ɗan rubutu mai suna A Modest Proposal. Mai magana a ciki, cikin natsuwa da lissafi, yana ba da shawarar talakawan Ailan su riƙa sayar da jariransu masu shekara ɗaya don teburin attajirai, har yana ƙidaya dubu 100 na sayarwa, dubu 20 na ajiyewa don iri. Ɗalibi yakan rufe littafin ya ce wannan mutum ba shi da imani. Alhali Swift aron bakin masu tsara manufofi ya yi, waɗanda ke lissafa talaka kamar dabba, ya ja maganarsu har inda muninta zai fito fili. A tsakiya ma ya saki zaren, inda ya ce masu gonaki sun fi kowa cancantar cin yaran, tunda sun riga sun cinye iyayen.

Ba mu kaɗai ke faɗawa wannan ramin ba. A 1702 Daniel Defoe ya yi rubutu da muryar masu tsattsauran ra'ayi na Cocin Ingila, yana kira a murƙushe waɗanda suka ware daga cocin, alhali shi kansa ɗaya ne daga cikinsu. Wasu daga waɗanda yake wa gatsen suka ɗauka da gaske yake, suka yaba. Da gaskiya ta bayyana, aka kama shi, aka ci shi tara, aka sa shi a turu a bainar jama'a a 1703. Gyaran dai shi ne, kafin ka yanke hukunci a kan kowane shafi ka tambayi kanka: wa ke magana, kuma wa ake so in ji haushinsa? In murya ta cika sanyi a kan abin da ya kamata ya tayar da hankali, to akwai magana a ƙasa.

Na biyu, dogaro da taƙaitaccen bugu na yara. Da yawa sun san Gulliver's Travels, littafin Swift na 1726, a matsayin tatsuniyar ƙananan mutane da ƙattai, domin irin wannan bugu yakan tsaya a tafiya ta farko ko ta biyu. Tafiye-tafiyen huɗu ne. A ta ƙarshe Gulliver ya je ƙasar da dawakai ke da hankali, masu siffar mutane kuma su ne dabbobi, ya dawo gida ba ya iya jure warin matarsa da 'ya'yansa, sai hira da dawakai a barga. Wanda bai kai nan ba bai ga inda littafin ya dosa ba. Ko a Lilliput ma, ƙasar ƙananan mutanen, rigimar ta wane gefe za a fasa ƙwai, wadda aka ce mutum dubu 11 sun gwammace mutuwa a kanta, habaici ne ga rikicin Katolika da Furotesta, masu dogon dunduniyar takalmi da masu gajere kuma jam'iyyun siyasar Ingila ne, Tory da Whig. Nemi cikakken bugu mai bayani a ƙarshe, amma ka fara karanta babin kafin ka leƙa bayanin, kada ya kashe maka dariyar.

Akwai kuma tsallake maganar kuɗi. A labaran Jane Austen, adadin kuɗin da aka ambata shi ne rabin barkwancin. A Pride and Prejudice na 1813 mutane sukan ɗauki Misis Bennet sakarai kawai mai rawar jikin aurar da 'ya'ya. Tana da wauta, gaskiya ne, amma duba halin da take ciki: 'ya'ya mata biyar, gidan da gonakin da ke kawo fam 2,000 a shekara an ɗaure gadonsu ga namiji, don haka ranar da mijin ya mutu wani ɗan'uwa, Mista Collins, zai kwashe. Abin da zai rage mata da 'ya'yan fam 5,000 ne gaba ɗaya. Darcy kuwa, attajirin da ya auri ɗaya daga cikin 'ya'yanta, fam 10,000 yake samu kowace shekara. Da ka riƙe waɗannan alƙaluma, dariyar takan zo da tausayi, kuma mijin da ke zaune a ɗakin karatu yana mata ba'a ba zai ƙara burge ka kamar da ba. Lissafin ba zai yi wa dattawanmu wuya ba, domin da shi aka yi ciniki a Nijeriya kafin naira ta zo a 1973: sule 20 fam ɗaya, kwabo 12 sule ɗaya.

Sai gaggawa. Charles Dickens kashi-kashi ya riƙa fitar da The Pickwick Papers, wata-wata, daga 1836 zuwa 1837. An rubuta shi ne don a karanta babi biyu ko uku a dakata, sau da yawa ma a karanta wa iyali da babbar murya. Wanda ya ce zai cinye shi a mako ɗaya don jarrabawa dole ya ƙosa. Raba shi yadda ya fito, kuma maganar Sam Weller, baran Mista Pickwick, ka furta ta da baki, a nan daɗinta yake.

Kada kuma ka ɗauka dariyar Dickens ta banza ce. An tsare mahaifinsa a gidan yarin Marshalsea a 1824 saboda bashi, shi kuma yana ɗan shekara 12 yana aiki a ma'aikatar man goge takalmi. Shi ya sa a cikin littafin mafi raha da ya rubuta ya kai Mista Pickwick kurkukun masu bashi na Fleet, ya bar shi can babi bayan babi yana kallon mutanen da suka tsufa a ciki.